Yadda Ake Kai Iyali Kallon Babban Wasan Wuta Na Bazara, A Dawo Lafiya

Babban wasan tartsatsin wuta, irin wanda birane ke shiryawa a lokacin bazara, a mafi yawan wurare minti ashirin da biyar ne zuwa arba'in. Kafin ku kai ga wannan ɗan lokacin sai kun yi tafiya, kun bi layi, kun zauna jiran awa uku ko huɗu da yara. Bayan an gama kuma sai kun fito ta cikin dubban mutanen da suka miƙe lokaci guda, a cikin duhu, kowa na son ya riga kowa isa gida. Wasan kansa ɗaga kai kawai yake buƙata. Aikin yana wajen jira da wajen fita, kuma can ne shirinku zai tafi.

Karon farko da na kai iyalina, duk dabarata ta ƙare a kan samun wuri a sahun gaba. Na samu kuwa. Da aka harba ta farko, ƙarar ta daki ƙirjina kamar an buga ƙofar ƙarfe, sai na ji 'yar autata, lokacin tana da shekara huɗu, ta cusa fuskarta cikin rigata tana rawar jiki. Cewa take, "Baba, mu tafi, mu tafi." Ba ta ɗago ba har aka gama. Daga nan muka shiga mota, muka yi kusan awa biyu a wurin ajiye motoci ba mu matsa ko taku goma ba, ruwan shanmu ya ƙare, yara sun yi barci a takure. Tun daga ranar nake soma shiri daga hanyar dawowa, sannan in gangaro zuwa sauran.

Mataki na farko: ku san wasan da za ku je, ku san wanda za ku ɗauka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako biyu ko uku kafin ranar, ku shiga shafin intanet na masu shirya wasan ko na hukumar birnin, ku nemo abu biyar: inda za a harba wutar, ƙarfe nawa za a fara, ko ana shiga da tikiti, hanyoyin da za a rufe, da abin da aka hana shiga da shi. Kada ku dogara da abin da aka yi bara. Wasan ranar 4 ga Yuli da kamfanin Macy's ke yi duk shekara a birnin New York tun 1976 yana sauya wuri, wata shekara a kan Kogin Hudson, wata shekara a kan Kogin East. Wanda ya koma inda ya tsaya bara yana iya tarar da dogayen gine-gine sun tare masa komai. A Montreal ta Kanada, inda ake gasar wasan wuta ta ƙasa da ƙasa tun 1985, ana rufe wa motoci gadar Jacques Cartier a daren gasar. Irin wannan labarin a shafin hukuma ake samunsa.

Lokacin farawa ya fi komai shafar yara. Sai duhu ya kankama ake harba wuta, ga shi a bazara rana tana daɗewa ba ta faɗi ba, musamman a ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya. A Faris, ranar 14 ga Yuli, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma saura, wasan Hasumiyar Eiffel kuwa sai wajen sha ɗaya na dare. A Tokyo, wasan Kogin Sumida na Asabar ɗin ƙarshen Yuli ƙarfe bakwai yake farawa. Ku yi lissafi: lokacin farawa, ku ƙara tsawon wasan, ku ƙara awa ɗaya da rabi ko biyu na fita da hanya. Lokacin da kuka samu shi ne lokacin da yaranku za su kwanta. In ya yi musu dare da yawa, ku nemi ƙaramin wasa da ake yi kusa da ku. Ga yaro ɗan shekara uku, sama ta cika da haske ita ce magana, bai san babba da ƙarami ba.

Sai maganar wanda za a je da shi, kuma a nan ina da ra'ayi. Jariri ɗan wata uku ko biyar ba shi da abin da zai ƙaru da shi a wurin, ƙara da hayaƙi da cunkoso kawai zai sha. In akwai mai riƙe shi a gida, a bar shi. Yaron da ƙara ke firgita shi sosai, ko wanda walƙiyar haske ke tayar masa da farfaɗiya, a tambayi likitansa tukuna. Dattijon da tsayuwa ke wahalar da shi a binciko masa wurin da aka ware wa masu buƙata ta musamman, don manyan wasanni sukan ware. Dabbar gida kuwa a bar ta a gida, a rufe tagogi.

Ku tabbatar manya sun kai biyu aƙalla. Babba ɗaya da yara uku, da zarar ɗaya ya ce zai je banɗaki, sai kowa ya tashi a bar wuri.

Mataki na biyu: ku tsara hanyar dawowa tun kafin ta zuwa

Mutane suna zuwa ne a hankali, wasu tun azahar, wasu la'asar, wasu bayan magariba. Amma tashi lokaci ɗaya ake yi. Taron da ya ɗauki awa biyar yana shigowa, shi ne zai nemi ficewa cikin minti ashirin ta hanyoyin nan dai. Wasan Sumida kan tara mutane kusan miliyan ɗaya. Ko wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba ya isa ya toshe kowace gada da kowace tasha da ke kusa.

Ranar 21 ga Yuli, 2001, a birnin Akashi na Japan, an yi wasan wuta a bakin teku. Gadar masu tafiya a ƙafa guda ɗaya ce ta haɗa tashar jirgin ƙasa da wurin kallon. Wajen ƙarshen wasan, masu son komawa tasha suka yi karo da waɗanda har lokacin suke ƙoƙarin isa bakin tekun. Aka cushe a kan gadar, mutane suka faɗi a kan juna. Mutum 11 suka rasu, tara daga cikinsu yara ne ƙanana, sauran biyun tsofaffi. Ina kawo wannan ne don ku ga inda haɗarin yake: a ƙuntataccen wuri, bayan kallo, kuma a kan waɗanda suka fi kowa gajarta da rauni. Wato irin mutanen da za ku riƙo hannunsu.

Don haka ku buɗe taswirar wurin a waya, ku duba ta da idon mai neman mafita. Ina gadoji suke? Ina matakala, ina hanyar ƙarƙashin ƙasa, ina ƙofa ɗaya tilo? Duk inda fili mai faɗi ya tsuke ya koma siririyar hanya, nan mutane za su cushe. Ku zaɓi wurin zaman da yake da mafita biyu ko fiye, ku kuma san ta biyun tun da rana.

In da mota za ku je, kada ku yi kwaɗayin ajiye ta a bakin ƙofa. Motar da ta fi kowa kusa ita ce ke fita a ƙarshe. Ku ajiye ta a tazarar tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin a ƙafa, a wajen hanyoyin da aka rufe, ta ɓangaren da gidanku yake. Ku shiga da baya don hancinta ya kalli hanyar fita. Ku ɗauki hoton wurin da wata alama da za ku gane cikin dare, domin titi da rana daban, da dare daban. In jirgin ƙasa ko bas za ku hau, ku sayi tikitin dawowa tun da kuka sauka, ku duba lokacin na ƙarshe, sannan ku nemi tasha ta biyu ko ta uku daga wurin. Tashar da ta fi kusa takan cika har a riƙa tsayar da mutane a waje, wani lokacin ma a rufe ta. Tafiyar minti ashirin zuwa tasha ta gaba ta fi tsayuwar awa guda da yaro a kafaɗa. Motar haya ta manhaja kuwa kada ku ɗora mata dukkan fatanku, don ba za ta iya shigowa inda aka rufe ba, kuma kowa ita yake kira.

Mataki na uku: inda za a shimfiɗa tabarma

Masu shirya wasan suna da nasu ma'aunin nisa. A Amurka, ƙa'idar ƙungiyar kariya daga gobara ta NFPA ita ce a bar ƙafa 70, kusan mita 21 ke nan, ga kowane inci ɗaya na kaurin ƙwallon wutar da za a harba. Ƙwallo mai inci shida na buƙatar tazarar kusan mita 128 tsakaninsa da 'yan kallo. Wannan tazarar ta kare jiki ce daga ɓurɓushin wuta. Ba ta kare kunne, ba ta kuma ba da kallo mafi kyau. Wanda ya zauna a bakin shinge, wuyansa a karye zai yi kallo, manyan furannin wutar kuma sun fi ƙarfin idonsa ya kama su gaba ɗaya. Da yara, rabin kilomita zuwa kilomita ɗaya ya fi. Za ku ga sama duka, ƙarar ta ragu, wurin ya fi sarari, kun kuma fi kusa da hanyar fita. Duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin ƙara na sauka da kusan desibel shida (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara).

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne iska. Ku duba hasashen yanayi da safiyar ranar, ku ga ta ina za ta kaɗa, ku zauna inda za ta bugo ku ta baya ko ta gefe. In tana tasowa daga wurin harbawa zuwa gare ku, minti biyar da farawa hayaƙi zai rufe muku kallon, sai dai ku riƙa ganin gajimare yana canza launi, toka da guntayen takarda na zubo muku. Hayaƙin nan ba na wasa ba ne. Wani bincike na masanan hukumar yanayi ta Amurka, NOAA, da aka buga a 2015, ya duba tashoshin auna iska 315, ya gano cewa ƙananan ƙwayoyin ƙurar da ke shiga huhu kan ƙaru da kashi 42 cikin ɗari a awa 24 da ke farawa daga daren 4 ga Yuli. Mai asma a cikinku ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, kada ya kwana a ƙasan jaka, kuma ku ƙara nisa saboda shi.

Da kun isa, ku durƙusa daidai tsayin ƙaramin yaronku, ku kalli inda za a harba. Abin da kuke gani a tsaye ba shi yake gani ba. Bishiya, fitilar titi, allon talla, ko mutanen da za su miƙe da zarar an fara, duk suna iya tare shi. Gangaren tudu mai ciyawa ya fi ko'ina. Ku zauna kusa da gefen fili, inda za ku iya zamewa ba sai kun tsallake ƙafafun mutane hamsin ba. Banɗaki ya kasance ana hango shi, amma ba dab da shi ba. Ku nisanci janareto da jarkokin fetur na masu rumfuna, ku nisanci bakin ruwan da ba shi da shinge.

Mataki na huɗu: kunnuwan yara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke zuwa farat ɗaya ta wuce desibel 140 a kunnen babba, 120 a kunnen yaro. Kusa da wurin fashewa, manyan ƙwallayen wuta suna haura 150. Ƙara guda ɗaya irin wannan ta isa ta bar wa mutum ƙugi a kunne, wani lokacin har ta rage masa ji.

Ku saya wa kowane yaro makarin kunne, irin mai kofuna biyu da maɗauri a ka, daidai girman kansa. Ƙananan abubuwan toshe kunne na soso sun dace da manya da matasa, amma ƙaramin yaro zai ciro ya sa a baki. Auduga ba ta tare komai sosai. Kada ranar wasan ta zama ranar da yaro zai fara ganin makarin. Ku ba shi ya yi wasa da shi a gida kwana biyu ko uku, ku ma ku sa naku ya gani. Ku nuna masa bidiyon wasan wuta, ku faɗa masa gaskiya: "Za a yi ƙara mai ƙarfi kamar tsawa, za ka ji ta har a cikinka, amma tana can sama, ba za ta taɓa ka ba." Yaron da aka gaya wa yana jiran ƙarar, wanda ba a gaya wa ba auka masa take yi. A sa makarin minti biyar kafin a fara, domin sau da yawa da babbar ƙara ake buɗe wasan.

Mataki na biyar: kaya

Ku ɗauki abin da za ku iya riƙewa alhali yaro na barci a kafaɗarku, domin haka za ku dawo. Jakar goyo ɗaya ga kowane babba, hannuwa a sake. Ruwan sha ya fi komai, ku ɗauki fiye da yadda kuke zato, ku kuma ɓoye gora ɗaya ta hanyar dawowa. Abinci ya zama wanda yaran suka saba da shi kuma zafi ba ya lalata shi da wuri, don layin masu sayarwa kan ci rabin awa. Sai abin shimfiɗa mai leda a ƙasa saboda raɓa, hula da man kare fata daga rana don jiran yamma, riga mai ɗan kauri ga kowa don bakin ruwa yakan yi sanyi bayan faɗuwar rana, maganin sauro, tocila ƙarama, fawa bank da wayar caji, takardar goge hannu, kayan canji na ƙananan yara, filasta, da ledar zuba shara. Takalmi ya zama rufaffe mai ɗauri. Silifas a cikin taro, da an taka shi ya tafi.

Wurare da yawa suna hana kwalba, manyan akwatunan ƙanƙara, dogayen kujeru, laima, da jirgi marar matuƙi. Ku karanta jerin tun a gida.

Abu ɗaya da nake roƙon kada ku ɗauka shi ne sandunan tartsatsin nan da ake ba yara su riƙe. Ana ganin su kamar abin wasa, amma zafin kansu yana kaiwa kusan digiri 1,100 a ma'aunin Salsiyas, wanda ya isa ya narka wasu ƙarafa. Yaro yana juya ta a tsakiyar mutane, ga idon ɗan'uwansa a gefe, ga rigar leda. Ku saya musu 'yan sandunan roba masu haske ba wuta. Suna da wani amfani ma: in kun ɗaura wa yaranku duka launi ɗaya a wuya ko a hannu, da waiwaye ɗaya za ku ƙirga su a duhu.

Mataki na shida: ranar kanta

Yara su yi barcin rana, ko da sun wuce shekarun yinsa. Kowa ya ci ya ƙoshi kafin a fita. Ku sake duba shafin masu wasan dab da fita, saboda iska mai ƙarfi ko hadari na sa a ɗage. A 2013 an dakatar da wasan Sumida bayan kusan rabin awa da farawa saboda ruwa da tsawa. In kuna fili kuka ji cida, kada ku jira sanarwa, ku nemi gini ko ku shiga mota, kada ku fake a gindin bishiya, kuma ku bari sai an yi minti 30 da jin tsawa ta ƙarshe kafin ku fito.

Zuwa da wuri yana da kyau, amma da yara akwai iyaka. Awa biyu zuwa uku kafin farawa ya wadatar in ba sahun gaba kuke nema ba. In wurin na da wuyar samu, babba ɗaya ya riga zuwa ya shimfiɗa, sauran su biyo baya da rana ta yi sanyi. Ko na minti ɗaya kada a bar yaro cikin mota a rufe.

Kafin ku bar gida, ku ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa, daga kai har takalmi. In ya ɓace, hankali kan tashi har uwa ta kasa tuna launin rigar da ita ta sa masa da hannunta. Ku rubuta lambar wayarku a damtsensa da alƙalamin da ba ya gogewa, ko a kati cikin aljihunsa. Da kun isa, tun da sauran haske, ku zaga da su ku nuna musu abu uku. Na ɗaya, wurin haɗuwa, wani abu dogo da ba ya motsi kuma ana ganinsa da dare, kamar tantin agajin gaggawa ko ƙofa mai lamba. Na biyu, irin kayan da ma'aikatan wurin da 'yan sanda suke sawa. Na uku, abin da za su yi. Ƙaramin yaro ya tsaya cak inda yake, ya kira ku da cikakken sunanku, domin in ya ce "Mama" mata ɗari ne za su waiwayo. In ba ku zo ba, ya nemi mai kayan aiki ko macen da ke tare da yara. Kada ya bi kowa zuwa wajen fili. Ku sa ya maimaita muku da bakinsa.

Ku raba yaran tsakaninku da suna: wannan naka ne, wannan naki ne. Yaro ya fi ɓacewa lokacin da uba ke zaton yana wajen uwa, uwa ke zaton yana wajen uba. Matasan da za su ɗan zaga a yanke musu lokacin dawowa, rabin awa kafin a fara. Kada ku dogara da waya, domin inda dubban mutane suka taru layi kan cushe. Saƙon tes ya fi kira saurin ratsawa, amma shi ma yakan makara.

Minti arba'in kafin farawa, a kai kowa banɗaki, har wanda ya ce ba ya ji.

Mataki na bakwai: jira, da kallon

Awa ta ƙarshe ita ce mai wuya. Rana ta faɗi, yara sun gaji, duk minti biyar sai an tambaya yaushe za a fara. Ku ajiye wani abu na musamman don wannan lokacin, littafin zane, wasan kati, ko labarin abin da za su gani. Ku gaya musu cewa a ƙasar Sin aka gano albarushi fiye da shekara dubu da suka wuce, haɗin gawayi da farar wuta da gishirin fotasiyam. Kowace wuta ƙwallo ce da ake cillawa sama daga cikin bututu, a cikinta an jera ƙananan ƙwayoyi, yadda aka jera su kuma shi ne siffar da za ta buɗe a sama. Launi daga ƙarfe yake fitowa: sitirontiyam ke ba da ja, bariyam kore, sodiyam rawaya, alminiyam da maganiziyam fari mai ƙyalli. Shuɗi daga jan ƙarfe ne, kuma shi ya fi wuyar haɗawa, don in zafin ya yi yawa sai launin ya kuɓuce. Ku sa su farautar shuɗi mai kyau a daren.

Ga wasan da ya warkar da tsoron 'yar autata. Haske yana isowa nan take, ƙara kuwa kusan mita 340 take yi a daƙiƙa, wato daƙiƙa uku ga kowane kilomita. Shekarar da muka koma, mun zauna can baya a kan gangare. Da furen farko ya buɗe, na ce mu ƙirga. Ta ɗaga yatsunta cikin hasken, makarin kunne ya kusa rufe mata kumatu, tana cewa ɗaya, biyu, uku, sai ƙarar ta iso daidai kan yatsa na uku. Ta juyo ta kalle ni da baki buɗe. Daga nan ita ke jiran ƙarar, in ta makara har ta ce, "Ina take?"

In duk da haka yaro ya firgita, kada a tilasta masa, kada kuma a yi masa dariya. Babba ɗaya ya ɗauke shi ya ja baya, bayan gini ko cikin mota, ya kalla ta gilashi. In toka ta faɗa idon wani, kada a murza, a wanke da ruwa mai tsabta, in zafin bai daina ba a je tantin agaji. Duk wani ƙunshi da ya faɗo bai fashe ba, kada a taɓa, a nuna wa ma'aikaci. Hoto kuwa, ku kashe filasha, ku ɗauki bidiyon minti ɗaya, ku mayar da waya aljihu. Batirin na da aiki a gaba, fuskokin yaranku a cikin hasken kuma sun fi abin da wayar za ta kama a sama.

Mataki na takwas: fita

Hanya biyu ce. Ko ku tashi minti goma kafin ƙarshe, ku kalli ruwan wutar rufewa kuna tafe, ko ku zauna daram bayan an gama har minti talatin zuwa arba'in. Abin da ba a yi da yara shi ne miƙewa tare da kowa. Ni na fi son zama. An ga ƙarshen da aka zo dominsa, hayaƙi ya washe, layin banɗaki ya ragu, ƙananan sun yi barci a kan shimfiɗa, manyan suna ta gardamar wacce ta fi kyau. Ku tattara kaya tun kafin a gama, ku haska ƙasa da tocila, ku kwashe shararku.

In kun tashi, babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, yara a tsakiya. Ku bi gefen hanya. Ƙaramin yaro a ɗauke shi tun kafin a matse, don a ƙasa iska ba ta isar masa, ba kuma a ganinsa. Keken jariri a naɗe shi in hanya ta tsuke. In kun hango gada ko matakala ta cika, ku tsaya daga nesa, ko ku juya ga mafitarku ta biyu. Alamar haɗari ita ce ku ji ana taɓa ku ta kowane gefe, kun kasa ɗaga hannu, ƙafafunku na tafiya ba da nufinku ba. In hakan ta faru, kada ku yi kokawa da taron, kada ku sunkuya ɗaukar abin da ya faɗi ko da waya ce. Ku ɗaga hannuwa gaban ƙirji don ku bar wa numfashi wuri, ku bi inda ake tafiya kuna karkatowa gefe kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka samu sarari, har ku fita daga tsakiya.

A bakin mota ko a tasha, ku ƙirga kowa da suna kafin a rufe ƙofa, ku fito da gorar ruwan da kuka ɓoye. Wanda zai tuƙa, in barci ya kama shi, ya ba ɗayan ko ya tsaya ya ɗan runtsa, ga masu tafiya a ƙafa cike da titi cikin duhu. Da safe ku tambayi yaran ko akwai mai jin ƙugi ko toshewa a kunne, ku kuma saurari numfashin mai asma. In ƙugin ya wuce yini guda bai tafi ba, ko yaro yana ta cewa a maimaita masa magana, ku kai shi a duba kunnen.